Gyaran da Na Yi wa Kaset ɗin Malam Hudu

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asariyar Lahadi a Kura ba, ranar da na tsaya gaban mutane ina jiran a sa min albarka, alhali abin da na aikata shi ne goge muryar mamaci. Kada ma ku fara nema min uzuri, ba hannuna ne ya zame ya danna wani abu bisa kuskure ba. Zama na yi na natsu, na yi shiri, na yi aikin tsaf, har da fito nake yi. Yau ga shi furfura ta gama da kaina, amma in abin ya faɗo min a rai, ko abinci nake ci sai na tsame hannu.

A tsakiyar shekarun tamanin aka turo ni aiki Kura, ina ɗan shekara ashirin da shida, ban yi aure ba. Aikina shi ne bin bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, a kan babur ina buɗe ƙofofin ruwa ina rufewa, yau wannan sashe gobe wancan, har gonakin wajen Bunkure. Manoma suka sa min suna Malamin Ruwa. Sai ka ga dattijo mai jikoki ya sauko daga keke ya gaishe ni, don tumatirinsa hannuna yake jira. Maimakon in gane ruwan ake gaisarwa, sai na ɗauka ni ne. Kaina ya kumbura, kuma kumburin bai tsaya kan ruwa kaɗai ba.

Abin da na fi ƙauna a lokacin shi ne tara waƙoƙi. Ɗakina ciki ɗaya ne, katifa a ƙasa, amma faifai da kaset sun cika kwali huɗu. Ina da tsohon garmaho da kawuna ya bar min, ina kuma da rikoda mai baki biyu, wadda ke juya kaset a kan kaset, kuma a iya sanina babu mai irinta a garin. (Tukunyar girki kuwa ba ni da ita, a maƙwabta nake ara.)

Masu irin wannan ciwo namu a rumfar Iro mai gyaran rediyo muke haɗuwa, duk Lahadi bayan la'asar. Ba mu fi mu bakwai ba. Iro yana zaune cikin wayoyi da warin dalma, mu kuma a kan benci biyu, kowa da abin da ya ƙunso a aljihu. Kuma kusan kullum musunmu a kan waƙa ɗaya yake ƙarewa, wadda muke kira Ruwan Rani. Wani mai kukuma ne ya yi ta lokacin da ruwa ya fara gudu a kanal, mutane suka ga kore a watan da ba su taɓa ganin kore ba. Babu gidan da ba a san ta ba a wannan yankin.

To, waƙar ɗaya ce, amma ɗauka huɗu muka sani. Akwai ta faifai, wadda aka datse ta koma minti uku da rabi don ta shiga ƙaramin faifai, har aka yar da baitin masu dashen albasa gaba ɗaya. Akwai ta gidan rediyo, minti bakwai, da mata 'yan amshi da kalangu. Akwai ta biki, wadda wani ya ɗauka a wani ɗaurin aure, rabinta kirarin mutanen da ba wanda ya san su. Sannan akwai wadda muke kira ta disko: wasu samari masu jita a birni suka ɗauki waƙar suka zuba mata gangunan Turawa da fiyano, suka ja ta har minti tara, mai kukuman ma da ƙyar ake jin sa.

Malam Ɗanlami, malamin firamare, shi ɗan faifai ne. Yakan ce, "Abin da ba a buga a faifai ba ai ba waƙa ba ce, hira ce." Ni kuma na rantse da ta rediyo. Ina da ɗan littafi da nake rubuta komai a ciki, ina duba agogon hannuna: a minti kaza kalangu ya shigo, a daƙiƙa kaza 'yan amshi suka makara. In aka sa kaset, kafin a gama baitin farko zan faɗi wace ɗauka ce, da ko juyi na nawa ne. Aka fara cewa kunnen Malamin Ruwa ba ya mantuwa. Ni ne na fara faɗa, gaskiya, amma daga baya wasu ma sun kama.

A ƙarshen benci akwai wani dattijo da ba ya sa baki a musunmu. Malam Hudu sunansa, manomin tumatir ne daga wani ƙauye ta wajen Bunkure. Yakan taho a kan keke, ya jingine shi a jikin rumfa, ya gaisa da kowa, ya zauna ya harɗe hannu. Bai taɓa kawo kaset ba, bai taɓa cewa wannan ta fi waccan ba. Ni a raina na sa shi cikin waɗanda ke zuwa shan inuwa.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, kuma gara ku ku sani tun yanzu. Malam Hudu yana da ɗan fari, Habibu, direban babbar mota mai kai tumatir kudu. Shekara guda kafin zuwana motar ta faɗi da shi a hanya, a can aka binne shi. Da shi aka kafa majalisar Iro, kuma gurbin da uban ke zama a ƙarshen benci, gurbinsa ne. Kowa a rumfar ya san haka ban da ni, kuma ba wanda zai ɗauko zancen a gaban uban. Shi kuwa Malam Hudu mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ko da Habibu ke raye bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa yaba shi a gaban mutane ba, in ana zancensa ma kawar da kai yake yi. Mutuwa ba ta sauya wannan ba. Ba kuma baƙon abu ba ne a wurina, don mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba.

Wata Alhamis da hantsi ina tsugune ina murɗa ƙofar ruwan sashensu, sai ga shi ya tsayar da keke a kaina. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Can ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da wani ƙunshi a farin ƙyalle. Kaset biyu ne a ciki, ɗaya tsoho, takardar jikinsa ta yi ja, ɗaya sabo ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Malamin Ruwa, an ce kana da injin da ke juya kaset a kan kaset."

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ai duk garin nan ni kaɗai ne."

"To, wannan ya fara gajiya, yana ja. Na je wurin Iro an ce ya shiga birni sayo kaya. Ina so a juya min shi a kan sabon."

"Wace waƙa ce?"

"Ta ruwan nan ce da kuke musu a kanta." Ya kalli kanal, ba ni ba. "Wani yaro ne ya ɗauka a gida."

Dattijo ya naɗe tsohon kaset a farin ƙyalle, ya taka keke ya biyo ni har bakin ruwa, ya kawar da kai ya ce wani yaro. Ko wane Bahaushe mai hankali a jikinsa ya ji abin da aka ce. Ni abin da na ji kawai shi ne an samu ɗauka ta biyar da ban sani ba. Na fizge ƙunshin ina cewa ya bar komai a hannuna, ranar Lahadi zai ga aiki. Ya ɗora ƙafa a feda, ya sake juyowa.

"Ka kula da shi, don Allah."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a hannun masana yake.

Ranar Asabar da safe na share ɗaki, na sa sababbin batura, na buɗe littafina, na ajiye agogo a gabana. Na danna. Baiti ɗaya na ji na taɓe baki. Ba wata ɗauka ta biyar ba ce, ta gidan rediyo ce da nake da ita tas, wani ne kawai ya kara rikoda a bakin rediyo a tsakar gida. Kaji na kuka, ana daka a nesa, ƙofar langa-langa na ƙara. Abin da ya fi ɓata min rai, wani ƙato ya saki murya yana bin waƙar, yana riga mai kukuma shiga baiti, yana kauce wa kiɗa. Can a tsakiya wata murya ta yi magana, wannan ta amsa, aka fashe da dariya, har ta danne 'yan amshi.

Me aka ce? Wallahi ban sani ba. Idona na kan agogo. Na rubuta a littafi: "Ta rediyo, gurɓatacciya. Surutu da dariya daga minti biyu da daƙiƙa arba'in zuwa minti uku da sha biyar." Har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na mayar da shi baya na sake saurara, don in tabbatar da lissafin daƙiƙun.

Sai tausayin Malam Hudu ya kama ni. Na ce bawan Allah, shekara da shekaru wannan tarkace yake saurara, shi ya sa ba ya iya sa baki in manya na magana. Na ɗauko tawa mai tsabta na juya masa a kan sabon kaset, ta fito garau. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma na juya tsohon a hannuna, na ga zarensa da sauran ƙarfi, wuri ɗaya ne kawai ya tattare. Na kwance shi, na miƙe wurin, na naɗe da biro. Na ce tunda yanzu yana da mai kyau, me zai yi da wannan? Bari in ƙara masa da kyauta, in sa masa ta disko, tsoho ya ji yadda zamani ya ci gaba.

Na sa kaset ɗin, na danna jan maɓalli, ya ƙi dannuwa. Na fito da shi na duba. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san akwai 'yan haƙora biyu a bayansa, in aka ɓalle su ba a iya ɗaukar komai a kansa. To, an ɓalle duka biyun, tsaf, da gangan. Wato kaset ɗin da kansa ya ce min a'a. Na yagi takarda daga littafin nan nawa, na dunƙule, na cusa a ramukan, ina jin daɗin cewa na san dabarar da mutanen ƙauye ba su sani ba. Maɓalli ya dannu. Minti tara ina zaune ina kaɗa ƙafa.

Ranar Lahadi na sa shaddata mai ruwan ƙasa, na ɗaure rikoda a bayan babur. Na tarar majalisa ta cika, Iro ya dawo, Malam Hudu na ƙarshen benci. Ban ko bari an gama gaisawa ba na ajiye rikodar a kan teburin Iro, na ce yau za a ga bambancin mai ji da mai sani. Na yi musu lacca a kan yadda ɗaukar gida ke kashe waƙa, da yadda mutane ba sa girmama kiɗa. Na ce an kawo min wani kaset da kaji suka fi mawaƙin murya, da wani gardi da ke ihu kamar an taka shi. Na jira dariya. Malam Ɗanlami kaɗai ya ɗan murmusa, shi ma da ya kalli Iro sai ya haɗiye.

Iro ya ajiye abin da ke hannunsa. "Wane kaset?"

"Na Baba Hudu mana. Ku dai saurara."

Na sa sabon. Kukuma ta tashi garau, kalangu ya shigo, ni ina tsaye ina nuna musu da yatsa inda kowane abu ke faɗowa. Malam Hudu ya sunkuyar da kai, ya ɗan karkato kunne. Da aka doshi minti na uku na ga leɓɓansa sun fara motsi, fuskarsa ta saki, kamar mai jiran a yi sallama a ƙofar gida. Wurin ya zo. 'Yan amshi suka amsa tsaf, babu abin da ya danne su. Wurin ya wuce. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Wannan ba shi ba ne."

"Ai ya fi shi, Baba. Wannan ita ce ta asali, babu hayaniya."

"To. Madalla." Ya nuna rikodar da yatsa. "Sa min tsohon."

Ina iya tuna har murmushin da na yi. Na ce, "Tsohon ma ban bar shi haka ba." Na zura shi, na danna, na ƙara murya.

Gangunan Turawa suka cika rumfar Iro, fiyano na kuka, jita na tsalle. Ni kaɗai nake gyaɗa kai. Na duba benci na ga ba mai kallona, kowa ƙasa yake kallo, wani ya dafe baki. Iro ya miƙe, ya kashe rikodar, ya zare kaset ɗin ya juya bayansa. Ya ga 'yan dunƙulen takardata a ramukan. Ya sa tsinke ya zaƙulo ɗaya, ya riƙe a tafin hannu yana kallo.

"Ni na ɓalle haƙoran nan da hannuna," in ji shi, a hankali. "Ran sadakar bakwai."

A nan ne na san na yi ɓarna, tun ban gama gane sadakar wa ake nufi ba.

Iro bai haƙura ba. Ya mayar da kaset ɗin, ya tura shi gaba, ya tsaya, ya saurara, ya sake turawa, ko wani ɗan guntu ya tsira a ƙarshe. Ni na san babu. Ta rediyo minti bakwai ce, ta disko tara. Ni da na fi kowa sanin wannan lissafi, na zaɓi wadda za ta rufe komai har ta yi saura. Da kiɗan ya ƙare sai shuuu kawai, har zare ya ƙare.

Malam Hudu ya miƙe. Ya karɓi kaset ɗin biyu, ya shimfiɗa farin ƙyallensa a kan benci, ya naɗe su yadda ya kawo su. Sai da ya yi ɗaurin sau biyu. Ya dube ni ya ce, "An gode, Malamin Ruwa. Allah ya saka da alheri." Ya yi wa kowa sallama. Bai hau keken ba, turawa ya yi har ya sha kwana.

Sannan Iro ya gaya min wane ne Habibu. Bai ɗaga murya ba, ni kuwa na so ya ɗaga. Ya ce ko hoto yaron bai bari ba, sai na jikin lasin, shi ma ya tafi tare da shi. Na ce ai "wani yaro" kawai dattijon ya ce min. Ya ce, "Gardin da ka ce yana ihu, a nan yake zama. Kai yanzu da ya ce maka wani yaro, ba ka ji komai ba? Kai ba ɗan Hausa ba ne?" Na ɗaure rikodata a babur, na kasa tayar da shi, sai da Malam Ɗanlami ya nuna min ban buɗe mai ba.

Washegari ranar ruwan sashensu ce. Na buɗe ƙofa, na ajiye babur, na bi kunya-kunya har gonarsa. Na same shi tsugune a bakin ƙaramar kwata yana jera tiyo, yana zuƙo ruwa zuwa cikin tumatir. Na cire takalmi na durƙusa a cikin taɓo. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ce, "Baba, ban sani ba. Ka yafe min."

"Tashi, kada ka ɓata kayanka. Ai ni ne ban faɗa maka ba."

Ban tashi ba. Ya gyara wani tiyo da ya daina ja, ya toshe bakinsa da tafin hannu ya saki, ruwa ya taho. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka saurare shi kafin ka sa wancan kiɗan?"

"Na saurara. Sau biyu."

"An ce kunnenka ba ya mantuwa." Ya jawo wani tiyo. "Wurin da aka yi magana, akwai abin da ya faɗa a ƙarshe, cikin dariya. Kunnena ya yi nauyi, ban taɓa kama shi sosai ba. Ina jin nauyin in tambayi su Iro. Na ce ko kai ka ji."

Na rufe ido na matse ƙwaƙwalwata. Na ji kaji. Na ji daka. Na ji ƙofar langa-langa. Zan iya faɗa masa a wace daƙiƙa aka fara dariyar da wadda aka gama. Amma kalma ko ɗaya babu. Na so in ƙirƙiro wani abu mai daɗi in ba shi, har na buɗe baki, sai na ga ƙarya a kan wannan ɓarna ta fi ƙarfina.

"Ban ji ba, Baba. Agogo nake kallo."

Ya gyaɗa kai. "Ɗaya muryar tawa ce, ai ka gane?"

Ko wannan ban gane ba. Ya dubi fuskata, ya fahimta.

"Shigowa na yi na ce ya rage mana ƙara, mutane na hutawa. Ya ce ai ya ga ƙafata na motsi tun daga zaure. Shi ne muka yi dariya." Ya ɗebi ruwa ya wanke hannu. "Ban san yana ɗauka ba. Ni da shi ba mu cika dariya tare ba, ka san yadda abin yake."

Hawaye suka zubo min, ni da na yi ɓarnar, shi kuma idonsa a bushe. Kunya ta ƙara kama ni a kan kunya. Na ce ko akwai abin da zan iya yi, ko mene ne.

"Babu. Ni na ji rabona." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Uwarsa ce dai. Duk Juma'a in na dawo masallaci takan ce a sa mata waƙar nan ta ruwa. Ba ta taɓa cewa don me ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ina ta tunanin abin da zan ce mata Juma'ar nan mai zuwa." Ya dubi kunyoyin tumatir. "Je ka, Malamin Ruwa, mutane na jiran ka."

Ban san abin da ya gaya mata ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Ranar Juma'ar nan dai na ga la'asar ta daɗe ba ta yi ba.

Bayan kwana goma na dawo daga aiki na tarar da kwandon tumatir a ƙofar ɗakina, manya zaɓaɓɓu, an rufe da ganye. Maƙwabcina ya ce wani dattijo ne ya kawo a kan keke, ya ce a ba Malamin Ruwa, na aikin da ya yi masa. Ba gatse ba ne, na san mutumin. Ya sa ni aiki, na yi, kuma a wurinsa wanda ya yi maka aiki ba a barin sa haka. Mayarwa cin fuska ne, ci kuma ya gagare ni. Na rarraba wa gidajen layinmu, aka yi ta sa min albarka ana cewa Malamin Ruwa akwai kyauta.

Majalisa kuwa na yi wata biyu ban leƙa ba. Da na koma, ba wanda ya tayar da zancen, aka matsa min wuri kawai. An ci gaba da musun faifai da rediyo, amma ban ƙara fito da agogo ba, in aka tambaye ni wace ta fi sai in ce duk suna da daɗi. Malam Ɗanlami ya ce na lalace. Malam Hudu bai daina zuwa ba, kuma har na bar Kura shi yake riga ni gaisuwa. Da ya zage ni sau ɗaya, ina jin da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, kowane yaro ya san shi, ni ne sai da na yi wa wani asara kafin ya shige ni. In mutum ya ce ka juya masa abu, ka juya masa abin da ya ba ka, da kajinsa da dakansa. Yanzu ko tsohuwar tocila aka miƙo min aka ce in duba, sai na tambayi ta wace ce, me ya same ta, me ake so in taɓa, me ake so in bari. 'Ya'yana sun ce na cika tambaya kamar alƙali, sun gwammace su kai wa wani. Ina jin su, ba na musu. Tambaya ɗaya ce tak ban yi ba a bakin kanal, wane yaro, kuma wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ita ta biya.